Yaya zan sa yara su yi waƙa daga siffar haruffa?

Tambaya: Wata malamar firamare ce ta rubuto. Tana koyar da Hausa a aji uku, yara 68 a ɗaki guda. Ta ga a intanet yadda malamai a Turai suke sa yara su dubi siffar harafi su yi masa waƙa, ta gwada, amma abin da ta samu daga kusan kowa shi ne "S kamar maciji, O kamar ƙwallo." Tana so ta sani ko abin zai yiwu da Hausa, ko kuwa kayan aro ne da ba zai rufe katara ba. In zai yiwu, ta ina za ta fara?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da ladan aiki. Abin ba aro ba ne. In kin yi makarantar allo, ko gidanku na maƙwabtaka da tsangaya, kin sha wannan darasi tun kafin ki riƙe fensir, illa dai ba wanda ya ce miki waƙa ce.

Ki tuna babbaƙu. Yaro na zaune da allo a cinya, ana nuna masa da tsinke yana bi: alu, ambaki, wau, zal. Mun rera wannan har ya zame mana kamar sunan mutum guda, ba mu tsaya mun saurari abin da bakinmu yake faɗa ba. Ambaki ai ain ne mai baki, domin in ya zo a farkon kalma bakinsa a wangame yake, har wasu kan ƙarasa su ce baki wofi. In ya shiga tsakiyar kalma ya rufe bakin nan, sai sunansa ya koma likkafa, wato inda mahayi yake zura ƙafa. Wanda ya raɗa wannan suna ya san doki ciki da waje. Ya dubi baƙin Larabawa ya hango kayan dokin garinsu a jikinsa. Ga ɗa mai hannu, hannun nan a ɗage kamar mai neman izinin fita. Ɗigo kuwa ruwa ake ce masa, shi ya sa muke da ha mai ruwa da shin mai ruwa. Lafazin yakan ɗan bambanta daga tsangaya zuwa tsangaya, na Kano ba lallai ya zo daidai da na Sakkwato ko na Damagaram ba, amma dabarar guda ce: a ba baƙi suna daga surarsa, don yaron da bai ji Larabci ba ya sami abin riƙewa.

To, a cikin sunayen nan akwai waɗanda nake so ki kafa wa ido, domin a nan darasinki ya tsaya. Ba guje. Mim jaye. Jim koma baya. Guje, jaye, koma baya, duk aikatau ne. Malaman da suka ƙago su sun wuce maganar kama, sun ga baƙin yana motsi. Wannan ya miƙe ƙafa ya sheƙa, wancan an ja shi, wani kuma ya tafi ya juyo da wutsiyarsa. "S kamar maciji" kamance ce, kuma daidai ce, sai dai maciji ne matacce a gefen hanya. Yaran ba su yi laifi ba. An tambaye su "kamar me?" sun amsa. Tambayar da ta rage ita ce ta biyu, kuma ita ke haifar da waƙa: me yake yi? Daga nan sai ki bi da 'yan'uwanta. Ina za shi? Me ya same shi? Wa yake jira? Wa ya gan shi?

Bari in ba ki abin da na gani da idona. Wata shekara ina duba ɗalibai masu gwajin koyarwa a wata firamare ta ƙauye, na karɓi alli na rubuta ƙaramin i a allo, babba sosai, ya kai kamu biyu. Na ce kamar me? Aka ce kyandir, aka ce ashana, wani ya ce allura. Wani ɗan siriri a bencin baya ya ce yaro ne da hula. Na ce to me ya raba shi da hular, ga ta can sama ba ta taɓa kansa ba? Ajin ya yi tsit. Can sai ya ce iska ce ta ɗauke. Na ce ta faɗi ke nan? Wata yarinya ta ce a'a, Malam, ai ga ta nan, ba ta faɗi ba. Ban ƙara komai nawa ba, na jera maganganunsu a allo:

Ga ɗan i ya tsaya ƙyam,
Iska ta ɗage masa hula,
Ba ta sauko ba, ba ta wuce ba,
Shi kuwa ko a jikinsa.

Ɗangon ƙarshe, wato layin ƙarshe, na wani ne da bai ce uffan ba tun safe. Ba amsa-amo, wato daidaituwar sautin ƙarshen ɗangwaye, karin ma, wato ma'aunin tafiyar waƙar, yana ɗingishi, amma duk ajin ya kwashe da dariya, kuma washegari na ji suna faɗarsa a bakin famfo. Minti goma bai cika ba.

Maganar maciji da ƙwallo kuwa, maganinta a hannunki yake. Amsar farko ta kowa ce, don haka ki karɓe ta da fara'a, ki rubuta a gefen allo, ki ce wannan an riga an cinye, a kawo wata. Za a yi shiru, wataƙila har ki ji kamar darasin ya mutu. Kada ki cike shirun da naki misalin, domin da zarar kin ce "ni dai ina ganin hanyar rafi" to kin sami hanyar rafi 68. Ki jira. Amsa ta uku da ta huɗu su ne na yaron kansa: igiyar guga da aka yar a bakin rijiya, hayaƙin murhu da safe, tafiyar mai keke a cikin yashi. Kuma ki yanka haruffan a kwali, ko da kwalin sabulu ne, yadda za ki iya juya su. Harafin da yake manne a allo fuska ɗaya gare shi. Na hannu kuwa ana kifa shi, ana kwantar da shi. C in kin kifa ta zama akurki, in kin ɗaga bakinta sama ta zama ƙwarya ko jinjirin wata. M in ta kwanta rigingine ta zama W, yaron da yake zuwa gona kuma zai ce miki duka biyun kunyoyi ne.

Babban A shi ne na fi son juyawa. Ki kifa shi, ƙafafun nan biyu su dubi sama, ki tambaya. In akwai ɗan makiyaya a ajin ba za ki rufe baki ba zai ce kan sa ne da ƙahoni. Sai ki gaya masa gaskiyarsa, domin asalin harafin ke nan. Finiƙiyawa, mutanen gaɓar tekun da take ƙasar Lebanon a yau, kimanin shekara 3000 da suka wuce suna kiran harafinsu na farko da sunan sa, suna kuma zana shi da siffar kan sa. Girkawa suka ara suka juya shi, Rumawa suka karɓa daga baya, har ya iso allonki. Alif na Larabci ma daga wannan tsatso ya fito. B daga kalmar gida take, M daga ruwa, kuma har yau in kin dube ta kina ganin igiyar ruwan. O daga ido. Wani abin sha'awa, harafin nan na ido shi ne ain, wanda sunansa a Larabci yake nufin ido, mu kuma muka dube shi muka ce baki. Kada ki mai da wannan darasin tarihi, jimla biyu ta isa. Amfaninsa shi ne yaro ya ji cewa abin da ya gani ba shirme ba ne, manya sun riga shi gani.

Da yara 68 ba za ki iya yin wannan duka a zaune ba. Ki fitar da su fili, ƙarƙashin bishiya, kowane benci ya zama ƙungiya, ki ba su harafi ɗaya. Su zana shi a ƙasa da tsinke, ko su haɗa shi da kara, ko da igiya, ko su yi shi da jikinsu. Yaron da ya tsaya ya ware hannu biyu ya zama T na minti ɗaya ya san abin da T yake ji a kafaɗa, kuma zai faɗa. A kowace ƙungiya ki sa mai rubutu guda, wanda hannunsa ya faɗa, sauran aikinsu magana. A aji uku da yawa ba su iya rubuta abin da bakinsu ya iya faɗa ba, in kin ce kowa ya ɗauki fensir tun farko to kin rufe bakin rabin ajin, kuma sau da yawa mawaƙan suna cikin wannan rabin.

Kafin ki ambaci kalmar waƙa ma, ki bi ta ƙofofi biyu da yaran suka riga suka sani. Ta farko kacici-kacici. Yaron da ya san "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya" ya san yadda ake ɓoye abu a siffanta shi. Kowace ƙungiya ta ɓoye harafinta, ta ce ƙulin ƙulifita, sauran su canka. "Bakina a sama, gindina a ƙasa, ina jiran taɓarya ba ta zo ba." U ke nan. "Gwafa ta tsaya, an manta da rumfa." Y ke nan. Alherin wannan shi ne ba a yarda a faɗi sunan harafin ba, dole a dubi surarsa da kyau, kuma in siffantawar ba ta yi ba ajin ne zai gaya musu, ba jan bironki ba. Ƙofa ta biyu kirari. Ki ce a yi wa harafi kirari kamar yadda ake yi wa ɗan dambe ko zakara. "T ɗan dako, kaya ɗaya tun bara ba ka sauke ba." "H tsani mai mataki guda, mai hawanka bai yi nisa ba." Kirari yana tilasta gajarta, yana kuma sa yaro ya yi magana da harafin kai tsaye kamar mutum, abin da masu nazarin adabi suke kira mutuntarwa. Sunan ba ya cikin abin da yaran suke bukata yanzu.

Sai a darasi na biyu ko na uku a zo ga baiti. A nan ina da ra'ayi, kuma na san wasu abokan aikina ba su yarda da ni ba: kada ki fara da amsa-amo. A Hausa amsa-amo arha gare shi, domin kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, masu ƙarewa da a kuwa ba sa ƙirguwa. In kin ce wa yaro tilas kowane ɗango ya ƙare da "wa" ko "ba", zai ba ki, amma zai sayar da abin da ya gani ya sayi ciko. Nan za ki ga "ku saurara ya 'yan'uwa" da "jama'a mu yi ta kulawa", ya kwaikwayo waƙoƙin gargaɗi da yake ji a rediyo, harafin kuma ya ɓace. Kari ya fi cancanta ki fara da shi, shi ma da tafi, ba da bayani ba. Waƙarmu a kan nauyin gaɓa take tafiya, akwai gaɓa mai nauyi akwai sassauƙa, rubutun boko kuma ba ya nuna dogon wasali, saboda haka ido ba zai gaya wa yaro inda ɗango ya karye ba, kunne ne kawai. Ki ɗauki muryar wata waƙar gaɗa da 'yan matan ajin suka sani, a yi tafi, a gwada zuba maganar a ciki. Inda harshe ya yi tuntuɓe a canza kalma. Kacici-kacicin turmin nan, bayan an tafa shi sau biyar ko shida, yana iya komawa haka:

Turmin u yana jiran dawa,
Tun safe ba wanda ya zuba.
Taɓarya na tsaye a kusa,
Ta ce ba ta yin dakan iska.

Kin ga amsa-amon ya zo da kansa, ba wanda ya aike shi. Sunayen karuruwan aruli, wato ilimin ma'aunin waƙa na Larabawa, su Kamil da Mutaƙarab da Ramal, a bar su sai sakandare. Ɗango biyu-biyu, wato 'yar tagwai, ya ishi aji uku. Ƙwar biyar, wato baiti mai ɗango biyar, nauyi ne a kansu.

Akwai riba ta gefe da ba ki tambaya ba, amma ita za ki nuna wa hedimasta in ya ce kina ɓata lokacin manhaja. Yaran da suke rikita b da d, wannan darasi yana warkar da su fiye da rubuta layi ashirin. Rubutu dama yake tafiya, to b mai ciki ce, tulun yana gabanta, d kuwa mai goyo ce, tulun yana bayanta. A yi musu baiti ɗaya, mai ciki da mai goyo sun haɗu a hanyar asibiti, an gama. Haka masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda har manya suke yar da lanƙwasarsu. Su ma ba tsofaffi ba ne a boko. Sai a shekarun 1930 aka tsayar da su, lokacin da aikin talifin Hausa yake Zariya, kafin nan ɗigo ake sa musu a ƙasa ko 'yar alama a gefe. A Nijar akwai na huɗu, ƴ, inda mu a Najeriya muke rubuta 'y. Ki tambayi yara me ya sami k har kansa ya lanƙwashe. Za ki ji ya karya hula, za ki ji ya ɗaura ɗankwali, za ki ji ya sunkuya gaida surukai. Daga nan ki kawo kafa da ƙafa, baki da baƙi, kara da ƙara, gada da gaɗa, su ga cewa hular nan in ta faɗi maganar ta canza. Yaron da ya yi wa ƙ waƙar hula da wuya ya sake barinsa ba hula.

In kina son shigo da ajami, kuma ina ba ki shawarar ki shigo da shi domin yawancin yaranki da yamma suna islamiyya ko allo, to ki yi da lura. Baƙaƙen kawai za ki ɗauka, ɗaya-ɗaya, a takarda ko a ƙasa mai tsabta. Kada a taɓa aya, kada a taɓa sunan Allah, kada a yi zane a allon karatu. Ki kuma sanar da iyaye ko malamin unguwa abin da kike yi tun kafin labari ya je musu a karkace, domin yaro in ya koma gida cewa zai yi "Malama ta ce harafin 'ba' kwalekwale ne", ba zai kawo sauran bayanin ba. In an kiyaye wannan, ajami ya fi boko yalwar sura nesa ba kusa ba. Harafin 'ba' kasko ne mai yoyo, ɗigo ɗaya a ƙasa. Harafin 'ta' kasko ne da aka jefa wa ƙosai biyu. Sin haƙora uku. Mawaƙan Larabawa da na Farisa sun daɗe suna kamanta miƙaƙƙen tsayi da alif, gira kuma da nun, ba sabon abu ba ne a wajen malamai. Abu ɗaya za ki kula: masu allo rubutun Warshu suka saba da shi, inda fa take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, 'yan islamiyya kuwa fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. In gardama ta tashi a ajin kowa da gaskiyarsa, kada ki kayar da ɗaya.

Wataƙila a abin da kika gani a intanet har da wanda ake jera kalmomin waƙar su fitar da surar harafin, a rubuta waƙar S a murɗe kamar S ɗin. Yana da kyau a bango, kuma mutanen da suka san zayyanar allon sauka ba za a koya musu ƙawata rubutu ba. Amma ki bar shi ƙarshe, ranar Juma'a, bayan an sami maganar. In kin fara da shi darasin zane za ki yi, masu kyan hannu su yi fice, mai kyan ido ya koma baya. Haka nan wanda ake sa kowane ɗango ya fara da harafi kaza, wannan wasan sauti ne, darasi ne dabam, kada ki gwama su rana ɗaya.

Wajen duba aiki, ki ajiye jan biro a zagayen farko. Ki ja layi ƙarƙashin ɗango ɗaya da ya fi rai a kowace takarda, ki karanta shi ga aji da sunan mai shi. Gyaran ƙa'idar rubutu ya zo ranar da za a kwafe a manna a bango, lokacin yaron da kansa yake so a gyara don kada a yi masa dariya. Kada ki ba da maki bisa goma. In dole ne sai an cike rajista, ki ba da makin a kan kwafin ƙarshe.

Ki fara da Y da T da U da ƙaramin i da ƙ, domin surarsu tana da abin kamawa kuma ba a riga an cinye su ba. S da O ki ɓoye su sai mako na uku, lokacin da ajin ya saba da tambaya ta biyu. Na taɓa yin haka, na fito da O a ƙarshe ina jiran in ji ƙwallo da ƙwai. An faɗe su, an rubuta a gefe. Sai wata yarinya, wadda takan zo a makare kullum saboda ɗiban ruwa, ta ɗaga hannu ta ce, "O bakin rijiya ne, na leƙa, na ga wata yarinya tana leƙo ni." Na ce mata me yarinyar take yi a ciki? Ta ce, "Ita ma an aike ta ne, Malam."